Kalmar da Narsih Ta Faɗa Ranar Sallah

Rana ta take tsaka a kan gonakin gishirin ƙauyen Karangasin da ke bakin teku, ko gilmawar iska babu, ƙasa sai ƙyalli take yi kamar an barbaza fasassun kwalabe. Narsih tana tsaye cikin ruwan gishiri da manjagara a hannu tana jawo gishiri zuwa gefe, ƙafafunta duk sun tsattsage, duk inda ruwan ya taɓa sai ta ji zafin har cikin ƙwaƙwalwarta. Tun safe ba ta sa komai a bakinta ba. Gonar nan da take yi wa bauta ta mahaifinta ce, marigayi Sarju, wanda teku ta cinye tun tana 'yar ƙarama, mahaifiyarta kuma ta bi shi kafin shekara ta zagayo. Wan mahaifinta, Pakde Kasmuri, shi ya ɗauke ta ya haɗa da gonar, ya ce amana zai riƙe mata har ta girma. Wayyo maraici! Ta girma, har ta gama sakandare da ƙyar da jiɓin goshi, amma ba wanda ya ƙara tayar da zancen amana...

"Ke gimbiya!" Muryar matar Pakde ce, Bude Warni, daga kan gaɓa ƙarƙashin lema. "Tsayuwa aka aiko ki ko aiki? In ba ki cika kwandunan nan ba, ko ƙanzon shinkafa kada ki sa rai da shi!"

"Inggih, Bude," in ji Narsih, kanta a ƙasa.

Abin da ake koya wa kowane yaro kenan a wajenmu tun yana koyon magana. In babba yana yi maka magana, umarni ne ko faɗa ko zagi, sai ka sunkuya ka ce inggih. Wani lokaci eh yake nufi, amma sau da yawa ba abin da yake nufi sai "ina jin ki, ina ganin girmanki." Ɗan da aka yi wa tarbiyya ba ya duban babba ido da ido ya ce masa a'a.

Ana cikin haka sai ga Mbah Ponirah, tsohuwar da gonarta ke maƙwabtaka da tasu, ta taho tana ɗingishi tana ɗaga mayafinta sama. "Nduk! 'Yar nan! Ajiye manjagarar nan! Matar Semarang ta bugo waya, kin ci! Sun ɗauke ki!" Narsih ta saki manjagara ta durƙusa cikin ruwan gishirin, ta fashe da kuka tana cewa alhamdulillahi. Matar Semarang ita ce Bu Hartati, malama a tsangayar koyon aikin lauya ta jami'ar birnin Semarang, wadda take shugabantar ofishin da ke tsaya wa talakawa a kotu kyauta. Ta taɓa zuwa ƙauyen ta tarar da Narsih tana karanta wa tsofaffi wata takardar hukuma tana yi musu bayani dalla-dalla, shi ne ta sa ta zana jarrabawar tallafin tsangayar. Tallafi ne na ɗaliban da suka yi alkawarin in sun gama ba za su bi manyan kamfanoni ba, za su zama lauyoyin marasa ƙarfi. Ana ɗauke musu kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai, su kuma su riƙa aiki a ofishin. Sharaɗi ɗaya ne ba a yafe wa wanda ya karya shi: kada ɗalibi ya kai sirrin wanda ofishin ke karewa wurin abokin shari'arsa.

Da Pakde Kasmuri ya ji labari dariya ya yi har yana dukan cinya. "Lauyar matsiyata! To da me za su biya ki? Da busasshen kifi? Tafi, in kin ji yunwa kya dawo, manjagararki na nan."

"Inggih, Pakde."

Haka ta tafi da 'yar jakarta, da ƙullin soyayyen tempe, wato wainar waken suya, da Mbah Ponirah ta cusa mata a hannu. Ta yi karatu kamar ranta zai fita, kullum gabanta na faɗuwa kada ta yi wani kuskure a ce ta koma. Tana shekara ta uku masifa ta sauka a Karangasin. Wani kamfanin kiwon jatan lande ya ƙyalla ido a kan gonakin gishiri, dillalinsa kuwa ba kowa ba ne illa Pakde Kasmuri. Ya tara tsofaffin gari a barandarsa, ya ba su shayi, ya sa wani babban mutum mai takalmi sau-ciki ya yi ta zuba musu bayani, su kuwa bayin Allah duk inda ya tsaya sai su sunkuya su ce inggih. Ashe wayar Pakde na naɗar muryoyinsu! Ba a jima ba kamfani ya kafa turaku a bakin gonaki, ya ce mutanen gari da bakinsu suka yarda suka sayar. Tsofaffi suka kai kuka ofishin Bu Hartati, ita kuma ta ɗora wa Narsih aikin jin bayanansu, don ba wanda suke sakin jiki su yi wa magana sai ita. "Ke tamu ce, Nduk," in ji Mbah Ponirah tana riƙe da hannunta. "In kin sake mu, mun shiga uku."

Sai Sallah ƙarama ta zo. Narsih ta yi ta tunanin kada ta taka gidan Pakde, amma wace 'ya ce za ta ƙi zuwa neman gafarar wanda ya riƙe ta ranar Sallah? Bayan an sauko daga idi ta shiga, ta tarar da shi a kan kujerarsa cikin sabon zane irin na maza da baƙar hula. Ta tafi da gwiwoyi kamar yadda ake yi, ta kama hannuwansa ta ɗora goshinta a kan gwiwarsa ta ce ya yafe mata laifinta na fili da na ɓoye. Ya dafa kanta, ya sassauta murya kamar mai nasiha.

"Na yafe miki, Nduk. Ki riƙe sallah."

"Inggih, Pakde."

"Kada ki manta da wanda ya ciyar da ke."

"Inggih, Pakde."

"Sunayen waɗanda za su yi shaida a kan kamfani, ni za ki kawo wa. Da duk abin da suka shirya faɗa. Lauyan kamfani ba zai manta da ke ba."

Gabanta ya yanke ya faɗi! Ta ji kamar ta miƙe ta ruga. Amma ga Bude a tsaye, ga baƙi cike da ɗaki, ga hannunsa a kanta, ranar Sallah... Bakinta ya faɗi abin da ya saba faɗa tun tana ƙarama. "Inggih, Pakde." Ta tashi ta fita, ta ƙudurta a ranta ko za a yanka ta ba za ta faɗa masa ko harafi ɗaya ba. Ba ta lura da wayar da ke leƙowa daga aljihun rigarsa ba.

Sati bai cika ba wasu ƙarti a kan babura suka bi gidajen shaidu ɗaya bayan ɗaya suna yi musu kashedi. Aka karya wa Mbah Ponirah injin iskan da ke jawo mata ruwan teku. Ai Pakde ba ya buƙatar kowa ya ba shi sunaye, a garin aka haife shi, ya san wanda zai iya buɗe baki. Amma washegari sai ga muryar Narsih tana yawo a wayoyin mutane! An yanke neman gafara, an yanke nasiha, an bar maganar shaidu da amsarta. Da ta ji labari ta hau mota ta nufi ƙauye. Yara suka bi ta suna kwaikwayon muryarta. Mata suka rufe ƙofofi. Ta isa gidan Mbah Ponirah ta zube a ƙofa.

"Mbah, wallahi ban faɗa ba! Mbah, ki dube ni!"

Tsohuwa ta juya mata baya. "Na san yadda ake cewa inggih, ni ma na faɗa an cuce ni. Amma wa ya nuna musu gidajenmu? Ni na goya ki ranar da aka binne uwarki, Narsih... Tashi ki tafi, kada in faɗi abin da zai bi ki."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ko mutuwar iyayenta ba ta tuna ta yi mata ciwo irin wannan ba.

Ba ta gama share wannan hawaye ba ta tarar Pakde ya riga ta zuwa jami'a. Da ƙafarsa ya je, ya ce shi uba ne mai tsoron Allah, ya ji ƙishin-ƙishin 'yarsa na cin amanar talakawa shi ne ya gwada ta, ga abin da ya samu. Nan take aka dakatar da tallafinta har kwamitin ladabtarwa ya zauna. Aka karɓe makullin ɗakinta, aka hana ta shiga ofis. Ta fito da jakarta ana yayyafi, ƙawayenta na leƙe ta taga ba wadda ta sauko. Ina za ta? Ƙauye ya kore ta, makaranta ta rufe mata ƙofa. Wata mai sayar da abinci a bakin tasha ce ta ji tausayinta, ta bar ta tana wanke kwanuka tana kwana a kan benci bayan rumfa. Ta rame, ta yi zuru-zuru. Duk lokacin da wayarta ta yi ƙara sai ta yi wuf ta duba ko daga kwamiti ne. In kwamiti ya kama ta da laifi, ba tallafi kaɗai za ta rasa ba, korarta za a yi, kuma babu tsangayar da za ta ƙara karɓarta. A kan sallayarta take kai kuka: "Ya Allah, Kai ne gatan maraya. Ka san abin da ke zuciyata lokacin da bakina ya yi magana. Kada Ka bar ni, ya Allah, kada Ka bar tsofaffin nan..."

Bu Hartati ta neme ta har rumfar. Da ta ga hannuwanta cikin ruwan wanke-wanke sai da ta kawar da kai ta goge ido. "Na yarda da ke, Narsih, amma an hana ni zama a kwamitin, wai ni malamarki ce. Shugaban kuma Pak Manurung ne, mutumin tsibirin Sumatra, ba ɗan yankinmu ba. Ba azzalumi ba ne, amma su can eh ɗinsu eh ne, a'a ɗinsu a'a, kuma bai daɗe da zuwa nan ba."

"To me zan ce masa, Bu? Muryata ce. Ni na faɗa."

"Ban sani ba, 'yata. Abin da na koya miki a ofis shi kaɗai nake da shi: kada tsoro ya toshe miki kunne. Ki saurari kowa da kyau."

Ranar zama ta zo. Narsih ta shiga da rigarta guda mai kyau. Pak Manurung na zaune a tsakiya, ƙato mai murya kamar aradu, da malamai biyu 'yan yankinmu a gefensa, ga na'urar naɗar magana a kan tebur. Pakde Kasmuri na gefe da carbi yana ta sauke ajiyar zuciya. Aka kunna muryar. Da ta ji kanta tana cewa "Inggih, Pakde," sai hawaye suka ɓalle mata.

"Muryarki ce?" in ji Pak Manurung.

"Tawa ce, Pak. Amma ba yarda na yi ba. Ranar Sallah ce, ina durƙushe... girmamawa ce kawai."

"Na duba ƙamus, yarinya. Inggih, eh. Ke da kike koyon shari'a, in mutum ya ce eh a kotu, sai alƙali ya tsaga ƙirjinsa ya duba? Ko ba haka ba, malamai?"

Malaman nan biyu suka dubi juna, suka dubi tebur, suka ce, "Inggih, Pak." Sun san gaskiya sarai, amma wa zai musa wa shugaba a gaban jama'a? Narsih ta ji ɗakin na juya mata. Shi ke nan, ta ce a ranta, manjagara na jirana...

Pak Manurung ya juya wurin Pakde da takardar bayaninta a hannu. "Pak Kasmuri, adalci ne in karanta maka abin da ta faɗa a kanka. Ka saurara." Pakde ya ɗan russuna, ya haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyi kamar yadda ake yi a gaban manya.

"Ka riƙe gonar mahaifinta ka hana ta."

"Inggih, Pak."

"Ka tara tsofaffi ka yaudare su, ka naɗi muryarsu ba da saninsu ba."

"Inggih, Pak."

"Kai ka tura 'yan babur gidajen shaidu, sannan ka ɗora mata."

"Inggih, inggih, Pak."

Pakde jira yake a gama ya yi nasa bayanin, shugaba kuma idonsa na kan takarda yana neman layi na gaba. Amma Narsih ta ji! Ita da ba ta taɓa katse babba ba tunda aka haife ta... Ta dafa tebur ta miƙe.

"Pak, a gafarce ni. Ina roƙon kwamiti ya rubuta cewa Pakde ya amsa laifinsa. Ya amsa riƙe gona, ya amsa yaudara, ya amsa tura 'yan babur. Na'urar nan ta ɗauka. Inggih, eh. Haka ƙamus ya ce."

Pak Manurung ya ɗago kai a hankali. Pakde kuwa zumbur ya miƙe, carbi ya faɗi ƙasa.

"Ƙarya take! Wa ya amsa? Ni saurare kawai nake yi! Ke don ubanki ni za ki yi wa wayo? Pak, tambayi kowa a ƙasar nan, inggih ba yarda ba ce! Ladabi ne! Ko kashe ka babba ya ce zai yi, inggih za ka ce masa! Yaron goye ma ya san..."

Sai ya tsaya, bakinsa a buɗe. Idonsa ya sauka a kan jar fitilar na'urar da ke kan tebur tana ƙyaftawa.

"Ci gaba mana, Pak Kasmuri," in ji Pak Manurung, muryarsa ta yi sanyi. "Yaron goye ma ya san me?" Ya juya ga malaman. "Gaskiya ya faɗa?" Wannan karon ɗayansu ya ɗago ido ya ce, "Gaskiya ne, Pak. Haka muke. Da tuni ya kamata mu faɗa." Shugaba ya cire tabarau ya juya wurin Pakde. "To zaɓi ɗaya, Pak Kasmuri. In inggih yarda ce, ka amsa laifinka da bakinka. In ba yarda ba ce, yarinyar nan ba ta yarda da komai ba, tsofaffin ƙauyenku ma ba su sayar da komai ba." Ya miƙe tsaye. "Ke kuma, 'yata, ni na yi kuskure, ki yafe mini. Je ki karɓi makullinki."

Narsih ba ta san lokacin da ta zube ta yi sujada a kan simintin ba, tana kuka kamar ranta zai fita. Bu Hartati da ke jira a bakin ƙofa ta ruga ta rungume ta.

Maganar da Pakde ya yi a gaban kwamiti ita ofishin ya gabatar a kotu. Dillalin kamfani da kansa ya shaida cewa inggih ba yarda ba ce, sai alƙali ya yi watsi da cinikin, ya sa aka tumɓuke turaku. Da aka kama 'yan babur ba su ɓata lokaci ba suka faɗi wanda ya aike su. Kamfani ya ce bai san Kasmuri ba, Bude Warni ta kwashe kayanta ta koma gidansu, shi kuma aka ɗaure shi. Kotu ta mayar wa Narsih gonar mahaifinta. Ranar da ta koma Karangasin, Mbah Ponirah ce ta fara tarar ta a bakin hanya, tana neman durƙusa mata. Narsih ta riga ta kaiwa ƙasa ta riƙe ta.

"Haba Mbah! Ke za ki durƙusa mini?"

"Bar ni, Nduk. Ni da aka cuta da kalmar nan, ni ce kuma na kore ki a kanta. Da wane ido zan dubi uwarki?"

"Ya wuce, Mbah. Ni dai yunwa nake ji, akwai tempe?"

Tsohuwa ta fashe da dariya cikin kuka, ta ja ta zuwa gida.

Narsih ta gama karatunta, ta cika alkawarin da ta ɗauka. Tana nan a ofishin Bu Hartati, masunta da manoma da 'yan aikatau na layi a ƙofarta, wani lokaci kuwa da busasshen kifin suke zuwa mata godiya, ta karɓa ta raba wa ɗalibai. Da Sallah ta zagayo ta dafa shinkafa da miyar kaza ta kai wa Pakde gidan yari, don ba wanda ya taɓa leƙa shi. Ya fito ya tsufa, ya ranƙwafa, hular ma babu. Ta sunkuya ta nemi gafararsa kamar kowace shekara. Ya kama ƙarfen da ke tsakaninsu ya matso da bakinsa.

"Nduk, ke yanzu babba ce, suna jin maganarki. Ki je ki ce wa alƙali tsofaffin nan ƙarya suka yi mini. In na fito sai mu raba gonar biyu, ni da ke. Za ki yi, ko?"

Narsih ta tura masa kwanon abincin a hankali, ta haɗa hannuwanta, ta sunkuyar da kai.

"Inggih, Pakde."

Sai ya saki ƙarfen ya fashe da kuka, don duk duniya babu wanda ya fi shi sanin abin da ta ce masa.